Kifin teku na mutuwa a tankin keɓewa: ruwa ne, cuta ce, ko magani?

Akwai wani fatauci da ba a san shi ba a kasuwar Maradi ko ta Damagaram, amma yana juya kuɗi masu yawa a duniya. Shi ne fataucin ƙananan kifayen teku masu launi, waɗanda ba cin su ake yi ba, ajiye su ake cikin akwatin gilashi don kallo, abin da ake kira akwariyom. Wata ƙidaya da masana suka yi bisa takardun shigo da kaya ta nuna cewa cikin shekara guda, tsakanin 2004 da 2005, Amurka kaɗai ta shigo da kifi fiye da miliyan 11, iri 1802. Mafi yawansu daga Filifin da Indunusiya suka fito, kowane cikin ledarsa ta ruwa, bayan tafiyar kwana ɗaya ko biyu a jirgin sama.

Ɗan kasuwa mai hankali, ko gidan kallon kifi, ba ya zuba baƙon kifi cikin babban akwati nan take. Sai an tsare shi makonni a wani ƙaramin tanki dabam, domin in yana ɗauke da cuta ta bayyana can. Faransawa na kiran wannan tsarewa karantan, sunan da ya samo asali daga kwana arba'in da jiragen ruwa ke jira a bakin birnin Benis a zamanin annoba. To, a cikin wannan tanki da aka kafa don kariya ake yawan yin asara. Da dare kifi na ninƙaya lafiya, har ya ci abinci. Gari na wayewa a tarar da shi kwance, babu rauni, babu tabo.

Abin da ke fara zuwa ran mai kifin shi ne cuta, sai ya ruga ya zuba magani. Masu aikin sun ce wannan gaggawar ita ke ƙarasa sauran. Kafin a tambayi wace cuta ce, ana tambaya: su wa suka mutu, da wane lokaci, kuma wa ya riga wa? In kifaye iri dabam-dabam sun mutu tare cikin dare ɗaya, ruwa ake fara tuhuma, ko wata guba da ta shige shi, domin cuta ba ta cika kayar da kowa sa'a ɗaya ba. In suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya cikin kwanaki, wannan tafiyar ƙwayar cuta ce. In kuwa waɗanda suka fito hannun dillali guda ne kaɗai ke mutuwa, sai a koma ga tarihin kayan. Wanda ba ya rubuta ranar zuwan kowane kifi da awon ruwan kowace safiya ba shi da amsar ko ɗaya.

Ruwa ba ya tsami banza

Kifi na fitar da wata guba mai suna amoniya ta mashaƙarsa, wato jan naman nan mai kama da tsefe da ke ƙarƙashin murfin gefen kansa, inda yake numfashi. A tsohon akwati akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune cikin matatar ruwa suna cinye wannan guba. Su kuwa sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Tankin keɓewa sau da yawa ranar zuwan kifi ake cika shi, ba shi da su. Wanda ke da su ma, wasu magungunan da ake zubawa na rage su. Ke nan kifin yana zaune cikin bayan gidansa, ruwan kuma garau yake a ido.

A nan ne ruwan teku ya fi na kogi haɗari. Ƙarfin dafin amoniya ya danganta da ma'aunin da ake kira pH, mai nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa. Ruwan teku yana wajen 8,2, wato ɓangaren kanwa. Duk sa'ad da ma'aunin ya hau da lamba ɗaya, kashin amoniya mai kisa na ninkuwa kusan sau goma. Wannan ne ke bayyana wani abu da ke ɗaure wa sababbin shiga kai. Cikin ledar tafiya, numfashin kifi na sa ruwa ya yi tsami, tsamin kuma na danne dafin amoniyar da ta taru. Da an kwance bakin leda, iskar da ta kawo tsamin ta fice, ma'auni ya hau, ruwan da kifi ya kwana biyu cikinsa lafiya ya koma guba. Mai kifin da ya bar shi sa'a biyu cikin buɗaɗɗiyar leda, yana ɗiga masa sabon ruwa don ya saba a hankali, yana iya ƙona masa mashaƙa da hannunsa. Mutuwar sai bayan kwana ɗaya ko biyu, lokacin da babu mai tuna leda.

Sai batun iska. Ruwan gishiri na riƙe oksijan ƙasa da ruwan daɗi da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, zafi na ƙara rage ta, maganin formol ma na shanye ta. Famfon iska ya tsaya na ƴan sa'o'i da dare, manyan kifaye su fara tafiya, baki buɗe.

Shaidar da ke gudu

In awo ya wanke ruwa, sai a juya ga jikin kifin, kuma da hanzari. Ƙwayoyin da ke cin jikin kifi na barin gawa da wuri, mashaƙa kuma na saurin ruɓewa cikin ruwa mai ɗumi. Likitan dabbobi ya fi son kifin da ke gargara ko wanda ya mutu yanzu-yanzu. Zai kankaro ɗan yauƙin fata, ya yanko ɗan mashaƙa, ya duba da madubin likita. Gawar da za ta jira, a sa ta a sanyi; wadda aka daskarar ta zama ƙanƙara ta ɓata shaida.

Babbar mai kisan ɓoye ita ce ƙwayar da masana ke kira Amyloodinium. Wata masaniya Baturiya, Eleanor Brown, ta bayyana ta a 1931 daga akwariyom na gidan namun dajin Landan. Mashaƙa take fara kamawa, don haka kifi na iya mutuwa fatarsa sumul. Alamarta numfashi da sauri, gudun haske, da tsayawa gaban famfo inda ruwa ke bugowa. In ta ƙoshi sai ta faɗa ƙasan tanki ta rarrabu, guda ɗaya ta haifi har 256. Wanda ya jira sai ya ga ƙurar da take barin a fata, ya makara. Ƴar'uwarta Cryptocaryon, mai farin ɗigo kamar gishiri, ta fi ta sauƙin gani, amma ta fi ta haƙuri: an ga ƙwanta ya yi kwana 72 kafin ya ƙyanƙyashe, shi ya sa ake barin akwatin da ta shiga ba kifi sama da wata biyu. Akwai kuma Brooklynella, mai addabar kifin nan ruwan lemo mai farin zane da aka sani a fim ɗin Nemo na 2003.

Gwaji ɗaya dai ba ya bukatar madubi. A tsoma kifin minti biyar cikin ruwan daɗi mai ɗumi daidai da na tankinsa, a cikin baƙar roba. In yana da tsutsar fata, za ta yi fari ta zube kamar ƙwayar riɗi.

Wani lokaci ruwa lafiya, madubi bai nuna komai ba, kifi kuma ya ƙi abinci yana ramewa. A nan ake tuna siyanur. Tun shekarun 1960 wasu masunta a Filifin ke fesa wannan guba cikin ramukan duwatsun murjani, kifi ya bugu su tsince shi da rai. Doka ta hana a can da kuma Indunusiya, amma ba a daina ba. Gubar na lalata hanta da sauran kayan ciki, kifi ya mutu bayan kwanaki ko makonni a hannun wanda ya saya. Tabbatar da ita ne wuya, domin jiki na sauya ta da wuri. A 2012 an sanar da wata hanyar gano sauranta cikin ruwan da kifi ya zauna. A 2018 wasu masana suka gwada, ba ta yi ba. Saboda haka siyanur ta zama mafakar kowa: mai tankin da bai auna ruwansa ba ya ɗora mata laifi, dillali kuma ya ce a kawo hujja.

Garin neman gira

Maganin da aka fi dogara da shi kan waɗannan ƙwayoyi shi ne na jan ƙarfe, kuma tsakanin warkarwarsa da kisansa tazarar kaɗan ce. Tsohon nau'insa ana riƙe shi tsakanin miligaram 0,15 da 0,20 cikin lita. Ƙasa da haka ƙwayar ta tsira, sama da haka kifin ya tafi, don haka kullum sai an auna. Wani nau'in kuma, in aka haɗa shi da maganin danne amoniya, dafinsa ƙaruwa yake. Mutum ya ga amoniya ta hau, ya zuba abin da zai ceci kifinsa, ya ƙarasa su.

Ko ƙwararru ba su tsira ba. A watan Afrilun 2015, gidan kallon kifi na jihar Teksas da ke Corpus Christi, a Amurka, ya zuba maganin tsutsa cikin manyan tankunansa. Kifi 389 suka mutu, har da kifin shak, ma'aikata na ta ƙoƙarin ceton saura cikin dare. Takardar da ke jikin mazubin ta ce trichlorfon ne, maganin da gidajen kifi suka daɗe suna aiki da shi. Da aka kai garin ɗakin bincike, bayan ƴan kwanaki sakamako ya fito: hydroquinone ne, sinadarin wanke hoto, wanda kuma ake sawa cikin man shafawa na canza launin fata. Abin da ya sa aka gano shi ne an ajiye sauran garin, an kai shi awo. A ƙaramin tankin ɗan kasuwa kuwa, abin da aka saba shi ne a zubar da ruwa, a jefar da gawa da kwalbar magani, a wanke gilashi, a sake yin odar wani kwalin kifi.