“Ni Ka Tarar”: Matsayin Wannan Kariya a Shari'ar Cutar da Maƙwabci a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni unguwanni ne da gidajen zama da wuraren sana'a suka cakuɗe a cikinsu, musamman daga Titin Zariya zuwa kewayen kasuwar Tarauni. Injin niƙa da shagon walda da janareta kan haɗa katanga da ɗakin kwana. Idan maƙwabci ya yi ƙorafin hayaniya ko hayaƙi ko ruwan kwata, amsar da ya fi samu ita ce “ni ka tarar”. Wannan maƙala za ta duba nauyin wannan amsa a gaban alƙali, domin tsarin shari'a biyun da ake aiki da su a Kano ba su yi mata kallo ɗaya ba.

A dokar da Nijeriya ta gada daga Ingila, riga mai ƙara zuwa wuri ba kariya ba ce. Tushen wannan shi ne shari'ar Sturges da Bridgman ta 1879. Wani mai yin alewa a Landan ya shafe fiye da shekara 20 yana daka a turamensa, sai likitan da ke maƙwabtaka da shi ya gina ɗakin duba marasa lafiya jikin katangarsa, dakan ya hana shi aiki. Kotu ta ba likita gaskiya. Ta yarda cewa cutarwar da ta kai shekara 20 tana iya zama haƙƙi, amma lissafin yana farawa ne daga ranar da abin ya soma cutar da wani, wato ranar da aka gina ɗakin. Ke nan mai injin niƙan da ya daɗe kusa da kangon fili ba shi da abin riƙewa idan aka gina filin aka tare.

Fiƙihun Malikiyya ya fi sassauta wa wanda aka tarar. Malamai sun bambanta tsohuwar cuta da sabuwa: sabuwa ake kawarwa, wadda ta riga mai ƙara kuwa galibi akan bar ta. Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna dogaro da shi, ya nuna cewa wanda yake nan, yana gani, ya yi shiru shekara 10, ƙararsa ta faɗi. Wannan reshe ne na hauzi, kalmar da aka fi sani a rikicin gona da gida. Sai dai wasu malaman mazhabar sun keɓe cutar da ke ƙaruwa da tafiyar zamani, irin ta majema da masai, suka ce daɗewa ba ta halatta ta. A ganina wannan keɓewa ce ta fi dacewa da unguwannin nan, domin wanda ya fara da ƙaramin janareta ya koma babba mai shan gas ba zai ce tsohuwar cutar ce ba.

Akwai kariyar da ta fi “ni ka tarar” ƙarfi, ko da yake ba a cika ambatarta ba: yanayin unguwa. Abin da za a jure a layin kasuwa ba shi za a jure a lungun gidaje ba. A shari'ar Abiola da Ijoma ta 1970, Babbar Kotun Legas ta hukunta mai kiwon kaji a Surulere saboda wari da kukan kajinsa, ganin cewa wurin na zama ne. Matsalar Gyaɗi-Gyaɗi ita ce layi guda kan zama kasuwa da rana, gida da dare, don haka lokacin da ake tayar da injin yana iya zama abin da hukunci zai rataya a kai.

Takardar izini kuwa mutane na ɗora mata abin da ba za ta ɗauka ba. Takardar mallaka ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, da amincewar hukumar KNUPDA a kan gini, suna halatta zama da gini ne, ba cutar da na kusa ba. Izinin da ke zama kariya shi ne wanda doka da kanta ta ba hukuma na yin wani aiki, shi ma da sharaɗin babu sakaci.

Haka “ikon Allah ne”, da akan faɗa idan ruwa ya kwararo daga wani gida ya kayar da katangar maƙwabci. Mai tara abin da zai yi ɓarna idan ya kuɓuce yana ɗaukar alhakinsa, bisa ƙa'idar shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868, wadda Kotun Ƙolin Nijeriya ta yi aiki da ita a shari'ar Umudje da Shell-BP a 1975. Kotu tana karɓar wannan uzuri ne kawai a kan abin da mai hankali ba zai yi tsammani ba. Ruwan Agusta a Kano kuwa kowa ya san da zuwansa, kuma wanda ya toshe magudana da gini ko shara tun rani, alƙali zai tambaye shi inda ya zaci ruwan zai bi.