Kwana Huɗu a Norwe: Daga Oslo Zuwa Bergen

Wanda ya samu kwana huɗu kacal a ƙasar Norwe, sai ya fara da haƙura da yawancinta. Ƙasa ce doguwa, duwatsu da ruwa sun yanyanka ta, wurin da ido ke gani kusa a taswira sai ya cinye wa matafiyi yini guda. Shawarata ita ce mutum ya sauka a Oslo, ya tashi daga Bergen, ya kuma ba hanyar da ke tsakaninsu kaso mafi tsoka na lokacinsa.

Yini ɗaya ya ishi Oslo. A hau rufin gidan wasan opera da aka buɗe a 2008, wanda ya gangaro da farin dutsensa har bakin ruwa, hawansa kuma kyauta ne. A leƙa zauren birnin, inda ake miƙa kyautar zaman lafiya ta Nobel kowace ranar 10 ga Disamba. Amma in abu ɗaya za a zaɓa, ni jirgin ruwan Fram zan zaɓa, a gidan tarihinsa da ke Bygdøy. An ƙera cikinsa da zagaye kamar ƙwarya, domin in ƙanƙara ta matse shi ta tura shi sama maimakon ta murƙushe shi. Da shi Fridtjof Nansen ya nufi ƙuryar arewa a 1893, shi ne kuma ya kai Roald Amundsen tafiyar da ya isa ƙarshen kudancin duniya a 1911. Ana shiga cikinsa, a ga ƙananan ɗakunan da mutane suka kwana shekaru. Mai neman masallaci da abincin halal kuwa ya nufi unguwar Grønland.

Washegari da sassafe sai jirgin ƙasa. An kammala layin dogon Bergen a 1909, kuma yana ɗaukar kusan awa bakwai. Da farko daji ne da tafkuna, daga nan itatuwa su yi ta gajarta har su ƙare, a fito fili fetal na dutse. Tashar Finse tana bisa tsayin mita 1,222, babu titin mota da ke kaiwa can, kuma ko a watan Yuni za ka ga ƙanƙara fari fat a gefen dogo. A sauka a Myrdal, a shiga ƙaramin jirgin Flåm. Kilomita 20 ne kawai, amma a cikinsu yake gangarowa fiye da mita 860, ta ramukan dutse ashirin. Yana tsayawa 'yan mintoci a gaban ruwan Kjosfossen mai zubowa daga dutse. A fito, ko da feshin zai jiƙa riga. Rugugin ruwan har a ƙirji ake jin sa.

A Flåm ake haɗuwa da abin da ya kawo mutum, wato fiyod. Tulin ƙanƙara mai rarrafe ne ya daɗe yana nika dutse har ya haƙa kwari mai zurfi, da ya narke sai teku ta kwararo ta cika shi. Fiyod ɗin wannan yanki, Sognefjord, ya kutsa cikin ƙasa fiye da kilomita 200, zurfinsa a wani wuri ya haura mita 1,300. Jirgin ruwa daga Flåm zuwa Gudvangen yana bi ta reshensa, Nærøyfjord, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2005. A inda ya fi tsukewa faɗinsa mita 250 ne. Dutse ya tsaya dama da hagu kamar ganuwa, ruwan ya kwanta luf, can sama kuma ga ɗan gida ɗaya manne da gangare, har mutum ya tambayi kansa ta ina masu shi ke hawa. Kada a zauna ciki saboda sanyi. A sa riga mai kauri a tsaya waje, awa biyun da jirgin ke ɗauka su ne zuciyar tafiyar.

Daga Gudvangen mota zuwa Voss, sai jirgin ƙasa zuwa Bergen. A can akwai Bryggen, jerin gidajen katako na fataken Jamus da suka kafa sansani wajen 1360, aka sake gina su bayan gobarar 1702. A zamaninsu hatsi suke kawowa, su sayi busasshen kifi daga tsibiran Lofoten, wanda iska mai sanyi ke busarwa ba gishiri. Shi ne okporoko na kasuwanninmu, Najeriya kuwa tana cikin manyan masu sayensa har yau. A bar gaban shagunan a kutsa lunguna, inda katako ya karkace don tsufa. Sai a hau dutsen Fløyen a hango gari. Bergen na samun ruwan sama fiye da kwana 200 a shekara, saboda haka rigar ruwa dole ce.

Tafiyar nan ta fi daɗi daga Mayu zuwa Satumba. Hasken nan mai rawa a sararin arewa kuwa na lokacin hunturu ne, a can wajen Tromsø, a bar shi sai wata tafiyar. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Oslo sai bayan ƙarfe goma na dare, ta kuma fito wajen huɗu na asuba, don haka a karɓi jadawalin salla a masallaci tun ranar farko.