Hikimar Shamaki a Aikin Feshin Fenti

Daga cikin sana'o'in hannu da ba su shahara a ƙasarmu ba, alhali kuwa suna da ma'abota masu yawa a Turai da Amurka da Japan, akwai harhaɗa 'yan ƙananan jiragen sama na roba, waɗanda akan ƙanƙanta bisa ma'auni, kamar kashi 1 cikin 48 ko 1 cikin 72 na girman jirgin ainihi, sa'an nan a yi musu fenti har kamanninsu su cika. Abin da aka fi dogara da shi wajen wannan aiki shi ne alƙalamin feshi, wata 'yar na'ura wadda iskar kwamfuresa ke ratsa cikinta, ta tarwatsa fenti ya fito lulluɓi-lulluɓi, ya kwanta ba tare da sawun buroshi ba. Wani Ba'amurke, Abner Peeler, shi ya ƙago irinta ta farko a shekarar 1879.

To, amma feshi, duk da laushinsa, yana da aibi guda, shi ne bai san iyaka ba, duk inda iska ta kai shi nan zai sauka. Saboda haka wanda ke son tambari ko lamba ko layi mai kaifin baki, wajibi ne ya rufe wurin da ba ya son launi ya taɓa. Wannan larura ce ta sa Richard Drew, ma'aikacin kamfanin 3M, ya ƙirƙiro salatif na takarda a 1925 domin masu fentin motoci da launi biyu. Shekara guda bayan haka kuma Waldo Semon ya gano yadda ake tausasa robar binil, wadda daga gare ta ake yin ledar shamaki ta yau. Mai karatu ya riga ya san asalin hikimar, domin ita ce matanmu ke yi idan suka yanyanka baƙin salatif na masu lantarki, wanda shi ma binil ne, suka manna a ƙafa kafin su ɗora lalle.

A zamanin nan akan zana siffar da ake so a kwamfuta, wata na'ura mai ƙaramar aska ta yanka ledar ba tare da ta huda takardar da ke bayanta ba. Fa'idar wannan a kan tambarin da ake jiƙawa da ruwa a liƙa a bayyane take, gama shi na liƙawa yakan bar gefe mai ƙyalli, amma na fesawa yakan bi kowane tsagi da kan ƙusa na jikin jirgin, kamar yadda yake a na gaskiya.

Sai dai aikin yana da sharuɗɗa waɗanda in aka saɓa ɗaya, sauran ba sa tsinana kome. Na farko, fentin ƙasa ya bushe sarai, a ba shi aƙalla yini da kwana, domin in yana da sauran danshi, ledar za ta taso da shi. Na biyu, a ɗauki ledar da hantsaki, kada a ja ta, gama tana miƙewa, da'ira kuwa in ta miƙe ta tashi daga da'ira. In an aza ta, a bi bakinta da tsinken sakace a danne. Na uku, wanda shi ne ginshiƙi, a rage ƙarfin iska, a saita alƙalamin kai tsaye bisa wurin, ba a karkace ba, a yi ta fesawa kaɗan-kaɗan ana sararawa, domin fenti mai yawa yakan kwanta ya silale ƙarƙashin leda, ya kuma tara tudu a bakinta. Gwanaye sukan fara fesa launin ƙasa a bakin ledar, don ya toshe duk wata kafa, kana su kawo sabon launi, suna gabatar da mai haske a kan mai duhu. Na huɗu, a ɓare ledar sannu a hankali, ana kwantar da ita baya.

Haƙƙin gaskiya ne kuma a ambaci naƙasunta: in ta daɗe a ajiye takan tsuke, kuma a wuri mai lanƙwasa ƙwarai, irin gilashin ɗakin matuƙi, bakinta yakan ɗaga. Nan salatif na takardar Japan, irin na kamfanin Tamiya, ya fi ta biyayya.

Wanda ya yi nufin koyo, ko mai rubutun allon shago ne ko mai ƙawata motoci, ya sani cewa shirin rufewa kan ci sa'o'i, feshin kansa kuwa 'yan mintoci ne, kuma a shirin ne ake gane mai itƙani da mai gaggawa. Kada kuma ya fesa sai a wuri mai iska, da takunkumi mai tace tururin tina, domin lafiya amana ce da za a tambaye shi a kanta. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.