Ofis a Cikin Ɗaki: Masu Aiki Daga Gida a Agege

Duk wanda ya zauna Ikko, wato Legas, ko da na ɗan lokaci ne, ya san babu abin da yake cin ƙarfin ma'aikaci a wannan birni kamar hanya. Gama mutumin da yake kwana a Agege, alhali wurin aikinsa yana can tsibiri, a Marina ko Ikoyi, ala tilas ne ya bar gida kafin assalatu, ya yi sallar asuba inda ta riske shi, ya bi ta Ikeja da Oshodi, ya hau doguwar gadar nan da aka buɗe a 1990, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, sa'an nan da maraice ya sake biyo sawunsa cikin cunkoson motoci, ba ya isa ɗakinsa sai bayan lisha, ya tarar da 'ya'yansa suna barci kamar yadda ya bar su. Saboda haka, da aka wayi gari wasu ma'aikatu suka ce wa mutanensu su zauna gida su yi aiki da kwamfuta da waya, jama'a da yawa sun ɗauki abin ni'ima ce tsantsa. Ni'ima ce kuwa, amma tana da haƙƙi a kan wanda aka yi wa ita, kuma wannan haƙƙin ne ba a faye magana a kansa ba.

Asalin yaɗuwar al'adar sananne ne. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Nijeriya, a nan Ikko kuwa aka same shi. Ranar 30 ga Maris dokar hana fita da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa ta fara aiki a Legas da Abuja, ofisoshi suka rufe, duk wanda aikinsa zai yiwu ta waya ya koma ɗaki. Da annobar ta lafa wasu suka koma bakin aiki, wasu ba su koma ba. Sa'an nan da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin da ya sa albashin ƙaramin ma'aikaci yake ƙarewa a hannun yaran mota, har gwamnatin Jihar Legas da kanta, a 2024, ta yarje wa ma'aikatanta su riƙa yin wasu kwanakin mako a gida.

'Ya'yan Hausawan da aka haifa a Agege da Idi-Araba da Obalende suna da wani jari a wannan kasuwa wanda ba kowa yake da shi ba, wato harshe, domin galibinsu sun tashi da Hausa a gida, da Yarabanci a titi, da Turanci a makaranta, wasu har da Larabci a Islamiyya. A cikinsu akwai mai fassara takardu, akwai mai amsa kiran abokan hulɗar bankuna da kamfanonin waya da Hausa, akwai mai sauraron magana yana mai da ita rubutu domin kamfanonin da suke koya wa na'ura harshe, aikin da ya ƙaru tun bayan da Google ya shigar da Hausa cikin na'urarsa ta fassara a 2013. Akwai kuma alaramman da yake biya wa yara karatu ta Zoom alhali su suna Ingila ko Amurka, da matar aure da take sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

To, in an dubi tarihi da idon basira, za a ga cewa Bahaushen Agege ba baƙo ba ne ga neman abinci a cikin gida. Zangon nan ya bunƙasa ne a kan goro da hanyar jirgin ƙasa, wadda ta ratsa Agege ta isa Ibadan a 1901, ta kuma haɗa Ikko da Kano a 1912. Fataken da kakanninsu suke shafe watanni a hanyar Gwanja suka ga ga goro nan a gonakin Yarabawa kusa da tasha, suka sauka, suka kafa gidaje. Kuma ina ne ofishin fatoma a wancan zamani? Zaurensa ne. A nan yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba da kaya bashi, ya sa malami ya rubuta wasiƙa da ajami zuwa Kano ko Sakkwato. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya kuma buga littafi a kansu a 1969, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi babu takarda babu sa hannu, sai dai maganar maigida kurum, domin kowa ya san in ya ci amana sau ɗaya labarinsa zai riga shi isa kowane zango. A can cikin gida kuma matan kulle suna dakan fura, suna suyar ƙosai da ƙuliƙuli, suna aika yara talla, suna zubin adashi, har mace ta yi wa 'yarta kayan ɗaki da guminta.

Amma a nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani, domin kamannin da ke tsakanin zauren jiya da ɗakin yau na zahiri ne kawai. Zaure ƙofarsa a buɗe take. Yaron da yake zaune a bakin tabarma yana jiran a aike shi, ko da ba a taɓa ce masa ga darasi ba, yana ganin yadda maigida yake buɗe huhun goro ya gane wanda ƙwaro ya taɓa, yana jin yadda ake taya kaya da yadda ake sallamawa, da yadda ake tausar mai bin bashi in ya zo da fushi, da irin maganar da ake yi a gaban baƙo da wadda ake bari sai ya tashi. In ya yi kuskure a take a gyara masa, in ya yi abin kirki dattawa goma sun shaida. Bayan shekara bakwai ko goma sai a ga ya zama mutum, ba wanda zai iya cewa ga ranar da ya koya. Ofis ma, duk da wahalar zuwansa, yana yin wannan aiki ba tare da an lura ba, gama sabon akawu yana ƙaruwa da abin da ya tsinta a bakin na gaba da shi fiye da abin da aka rubuta masa a takardar kama aiki. Wanda ya rufe ƙofa ya fuskanci kwamfuta shi kaɗai ya tsira daga hanya, amma tare da hanyar ya rabu da malami, ya rabu da shaidu, ya rabu da mai ce masa a'a. Yana iya shafe shekara uku yana aiki ba dare ba rana, yana karɓar ladansa cif, alhali iliminsa yana nan inda yake ranar da ya fara, kamar rijiyar da ake ta ɗiba ba ta da idon ruwa. A ganina wannan ita ce babbar hasarar da take cikin al'amarin, kuma ta fi haɗari domin ba ta da zafi a lokacin da take aukuwa.

Maganinta ba sabo ba ne, yana nan cikin tarbiyyar makarantun zaure. Malamanmu ba sa barin ɗalibi ya ɗauki Risala sai ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, kuma ba sa ƙara masa sabon karatu sai ya kawo na jiya. Shaihu Zarnuji, mai littafin Ta'alimul Muta'allim, wanda almajirai suka daɗe suna karantawa a ƙasar Hausa, ya yi wasiyya da a fara da kaɗan, a yawaita maimaici, a zaɓi malami da abokin karatu da natsuwa, a kuma lazimci muzakara, wato a zauna da 'yan'uwa ɗalibai ana jujjuya mas'ala har ta zauna. Abin da ya fi addabar matasanmu a yau shi ne kishiyar wannan: ilimi ya yi yawa a YouTube har ya zama fitina, mutum ya fara koyon lissafin kuɗi yau, gobe ya ji an ce zane ya fi kawo dala ya koma can, jibi ya tsallaka wani fanni, shekara ta ƙare yana da mafarin abu goma ba shi da ƙarshen ko ɗaya. Gara ya zaɓi fanni guda wanda yake da dangantaka da abin da yake ci da shi, ya yanka masa sa'a ɗaya kullum, in so samu bayan asuba kafin unguwa ta tashi, ya rubuta abin da ya fahimta da hannunsa, ya nemi wanda ya fi shi ya duba masa. Ba kuwa sai an je nesa ba kafin a ga amfanin tsari, domin a Agege ɗin nan Markaz take, makarantar da Shaihu Adamu Abdullahi na Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ya kawo ta nan, kuma abin da ya ɗaukaka ta shi ne ya sa wa karatun Larabci aji da manhaja da jarrabawa. Wanda yake bukatar takardar shaida kuma, ga Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wadda aka farfaɗo da ita a 2002 domin irin waɗanda ba za su iya barin sana'a su zauna aji ba.

Batun lokaci kuwa yana da wuya a gidajen haya irin namu, inda ɗakuna suke fuskantar juna, janareton maƙwabci yana ruri, wuta tana zuwa tana tafiya, data tana ƙarewa ana tsakiyar taro. Ga kuma mutanen gida, waɗanda a wurinsu wanda yake zaune ba shi da aiki. Uwa za ta leƙo ta ce, «Kai ɗan nan, tun da kana gida, tashi ka kai wa Gwaggonka saƙo Mile 12,» shi kuwa ba shi da bakin musu, kuma bai kamata ya yi ba, abin da ya kamata shi ne ya zauna da ita tun da wuri, cikin ladabi, ya ce, «Inna, daga hantsi zuwa azahar na sayar wa mutane, amanarsu ce a wuyana, in an sauko daga salla duk abin da kike so sai in yi.» Wannan ba wayo ba ne, fiƙihu ne, domin wanda aka ɗauka ijara a kan sa'o'i ƙididdigaggu ba shi da ikon kyauta da su, ko ana ganinsa ko ba a ganinsa. Nauyin ya fi yawa a kan mata, waɗanda ake so su haɗa girki da reno da aikin mutane a sa'a guda, kuma adalci ne miji da yake cin moriyar abin da take samu ya ɗauke mata wani abu. Haka kuma shugaban aiki ba shi da haƙƙin kiran ma'aikaci tsakar dare don kawai ya san yana gida. Musulmi ya yi sa'a a nan, gama salloli biyar sun riga sun yanka masa yini, sai dai ya zuba aikinsa a tsakaninsu. Fita jam'i kuma tana fitar da shi daga kaɗaici, wanda in ya daɗe yakan taɓa zuciya.

Saura mu'amala. Wanda ba a ganin fuskarsa, rubutunsa ne fuskarsa, cika alkawarinsa kuma shi ne fatomansa. In ya ce Laraba, to, ya zama Laraba. In ya ga ba za ta yiwu ba, ya faɗa tun Litinin, kada ya kashe waya ya ɓuya, domin jinkiri ana yafe shi, shiru ne ba a yafewa. Ya riƙa sanar da shugabansa inda ya kai ba sai an tambaye shi ba, ya kuma roƙi a nuna masa aibin aikinsa, domin mutane ba sa son gyara wa wanda ba su saba da shi ba sai in shi ya buɗe ƙofa. Kada kuma ya yar da gaisuwa, wadda Bahaushe ya fi kowa iya ta. Tambayar lafiyar iyali kafin a shiga magana, da ta'aziyya, da barka, su ne suke mai da suna a allo ya zama mutum. Sai dai amanar zango ta tsaya ne a kan sanin asali, a intanet kuwa ba a san gidan kowa ba, saboda haka a rubuta sharaɗi da lada da ajalin biya kafin a soma, kamar yadda aka yi umarni da rubuta bashi a Suratul Baƙara. Duk wanda kuma ya ce sai ka biya shi kuɗi kafin ya ba ka aiki, ka kama kanka, ɗan damfara ne. Bayan wannan duka, zumunci a ƙafa yake. Jirgin ƙasan cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo yana tsayawa a Agege da Ikeja da Yaba, inda masu sana'ar kwamfuta suke taruwa, saboda haka uzurin hanya ya ragu. Ko sau ɗaya a wata mutum ya sa rigarsa ya je ya zauna da abokan aikinsa ido da ido.

Kirana ga Sarkin Hausawan Agege da 'yan majalisarsa, da limamai, da attajiran goro da na shanu, shi ne su dubi waɗannan yara da suke kulle a ɗakuna. Ɗaki guda a jikin masallaci ko Islamiyya, da wutar sola, da intanet, da tebura kaɗan, da lokacin da aka keɓe wa mata, ba zai gagari jama'ar da take gina masallatai da kuɗinta ba. A sa wanda ya ƙware ya riƙa zama a ciki ko yini biyu a mako, na baya su kawo aikinsu ya duba musu.