Wayar Iska a Ofis: Yadda Ake Sa wa Tsohuwar Kwamfuta Kunne

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Sakkwato, ya wuce Aliero ya sauka Jega, ko kuwa ya zarce kudu zuwa Maiyama da ƙauyukan da ke kewayenta irin su Liba, in ya leƙa ofisoshi da makarantu, ba wuya ya ga kwamfuta irin ta bisa tebur an lulluɓe ta da zane saboda ƙura. In ka tambaya sai a ce maka lafiyarta ƙalau, tana buga takarda, tana lissafi, sai dai ba ta shiga intanet. Saboda haka in lokacin rajistar 'yan makaranta ya zo don jarrabawar WAEC ko NECO, ko kuwa an bukaci a aika da jerin sunayen ma'aikata Birnin Kebbi, sai malami ko akawu ya ɗauki takardunsa ya hau babur, ya biya kuɗin hanya daga aljihunsa, ya je ya bi layi a shagon masu buga takardu a Jega. Yini guda ya tafi ke nan, aji kuma ba malami. In kuwa mai shagon ya kuskure harafi ɗaya a sunan yaro, to, yaron ne zai yi ta jan wannan kuskure a takardar shaidarsa shekara da shekaru.

Mun ga ya kamata mu yi bayanin wannan al'amari dalla-dalla, domin galibi abin da ya rage wa irin wannan kwamfuta ɗan ƙarfe ne da bai wuce kan ɗan yatsa ba, kuɗinsa kuma bai kai na akuya ba. Sunansa adafta. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Dattawan da suka yi aikin En'e kafin a mayar da ita ƙananan hukumomi a 1976 sun san abin da ake kira wayar iska, watau aika magana ba tare da an ja zaren ƙarfe daga gari zuwa gari ba. Sun kuma san yadda ake murɗa akwatin rediyo a kamo Kaduna a kan mita 49. To, abin da ake kira Wi-Fi a yau jikan wannan ne. Rediyo ne sosai, sai dai zangonsa gajere ne ƙwarai, bai fi santimita 12 da rabi ba a kan gigahaz 2.4, kuma kamar santimita 6 a kan gigahaz 5. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ce ta tsara ƙa'idarsa a 1997, aka ba ta lamba 802.11, a lokacin nan gudunsa megabit 2 ne kacal cikin daƙiƙa. A 1999 aka kai shi 11, a shekarar ce kuma aka raɗa masa sunan da aka san shi da shi. Adafta ita ce kunne da bakin kwamfuta cikin wannan zance: tana ji, tana kuma mayar da amsa. Kwamfutar hannu da wayar salula da ita ake ƙera su a ciki. Tsofaffin kwamfutocin tebur ne akasari ake kawowa babu ita, domin an yi su ne don ofisoshin da ke da wayoyi shimfiɗe cikin bango.

Amma fa akwai wani ruɗu da ya kamata mu kawar tun yanzu. Waɗansu suna tsammanin da zarar sun sayi adafta sun soka, intanet ya samu. Ba haka ba ne. Adafta ba ta da layi, ba ta da data. Aikinta kawai ta haɗa kwamfuta da wani abu da ke kusa wanda shi ne ke da layin, ko dai rauta mai katin SIM, ko ƙaramar na'urar aljihu da kamfanonin waya ke sayarwa, ko ma wayar malam ɗin kansa in ya buɗe mata hotsifot. Shi kuma wannan abu sai ya yi magana da dogon ƙarfen kamfanin waya da ke bayan gari. Gaɓa uku ke nan, kuma kowace ta tsinke zance ya tsaya. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 layi ya yaɗu sosai a ƙasar Gwandu, duk da haka ƙarfinsa ba ɗaya ba ne a ko'ina. Saboda haka kafin mutum ya kashe ko kwabo, ya tsaya cikin ɗakin da kwamfutar take, ya gwada buɗe shafin intanet da wayarsa, da safe da kuma yamma. In waya ta kāsa, adafta ba za ta iya ba.

Adafta iri biyu ce. Akwai wadda ake sokawa a kafar USB, akwai kuma kati da ake buɗe cikin kwamfuta a dasa. Mu dai muna ba akawu da malami shawara su tsaya ga ta USB, domin ba ta bukatar sukurdireba. Ita ma kashi biyu ce: 'yar mitsitsiya irin TL-WN725N ta kamfanin TP-Link, wadda ke aiki a kan gigahaz 2.4 kaɗai, da kuma mai ƙahon eriya. In rauta na cikin ɗaki ɗaya da kwamfuta, 'yar ƙaramar ta wadatar. In kuwa akwai bango tsakani, mai ƙaho ta fi. Kada mutum ya ruɗu da lambar da aka rubuta a jikin kwali, 150 ko 300 ko 600. Wannan iyakar gudun da adafta za ta iya ne tsakaninta da rauta, ba gudun intanet ɗin da zai iso Liba ba. Abin da ya fi muhimmanci a duba a kwalin shi ne ko ta dace da irin Windows ɗin da ke cikin kwamfutar.

Wanda ya zaɓi kati na ciki, sai ya kashe kwamfuta, ya zare wayar lantarki daga bango ɗungum, sa'an nan ya taɓa ƙarfen jikin akwatin da hannunsa kafin ya taɓa katin. Dalili kuwa, a lokacin hunturu jikin mutum yakan tara wata 'yar wuta, irin wadda ke ƙara in ka tuɓe rigar sanyi cikin duhu, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe katin tun bai fara aiki ba.

Yanzu sai zancen direba. Ba direban mota muke nufi ba. Wani ɗan tsarin umarni ne da ke yi wa kwamfuta tafinta tsakaninta da sabon ƙarfen da aka sa mata. A Windows 10 da 11, sau da yawa da ka soka adafta kwamfutar za ta gane ta da kanta, cikin minti ɗaya ka ga alamar Wi-Fi ta fito a kusurwar ƙasa ta hannun dama, kusa da agogo. A Windows 7 kuwa galibi sai an sa direba da hannu. Akan haɗo shi a ɗan faifai cikin kwali, amma sau nawa za ka tarar ma'ajin faifan kwamfutar ya daɗe da mutuwa saboda ƙura? Nan ne mutane da yawa kan tsaya cik, domin ana bukatar intanet a sauko da direba, ana kuma bukatar direba a shiga intanet. Mafita biyu ce. Ko dai a sauko da shi a waya daga shafin kamfanin da ya ƙera adaftar, a juye shi cikin kwamfuta ta wayar caji. Ko kuwa a haɗa wayar Android da kwamfuta ta wayar cajin nan, a shiga saitin waya a ba ta izinin raba data ta USB, kwamfutar ta ari intanet na ɗan lokaci har ta nemo direban da kanta. A lura ko kwamfutar mai bit 32 ce ko mai 64, domin direban wannan ba ya hawa waccan. A kuma guji shafukan da ke alkawarin gyara dukan direbobi kyauta da dannawa ɗaya. Ta nan cuta ke shiga.

Don a tabbata aiki ya yi, sai a buɗe wurin da Windows ke jera kayan jikin kwamfuta, wanda ake kira Device Manager. In sunan adaftar ya fito sumul, madalla. Wani lokaci ba sunan kamfanin da ke kwali za a gani ba, sai Realtek ko MediaTek, wannan ba jabu ba ne, sunan masu ƙera ƙwaƙwalwar da ke cikinta ne. In kuwa an ga 'yar alama rawaya mai kusurwa uku a gefen sunan, direba bai zauna ba, sai a sake.

Daga nan sai a danna alamar Wi-Fi, jerin sunaye zai fito, a zaɓi na rautar ofis, a rubuta kalmar sirri. Babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne a wurinta, kuma a yi hattara da sifiri da harafin O. In sunan rautar bai fito ba alhali waya tana ganinsa, mai yiwuwa rautar tana magana ne a kan gigahaz 5, adaftar kuwa 2.4 kaɗai take ji.

Wurin da aka ajiye kaya yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Cikin gini Wi-Fi bai cika wuce kamar mita 30 ba, kuma kowane bango yana cin rabonsa. Bangon ƙasa mai kauri, irin na tsofaffin ofisoshinmu, ya fi ci, balle da damina in ya sha ruwa, domin ruwa na shanye irin wannan zango. Ƙarfe kuwa mayar da shi yake yi baya. Mun taɓa shiga wani ofis muka tarar an kulle rauta cikin kabad ɗin ƙarfe don tsoron ɓarayi, ana kuma ta zagin kamfanin waya wai layinsa ba ƙarfi. Da aka fito da ita aka rataye a bango kusa da taga, nan take magana ta ƙare. Haka kuma in akwatin kwamfuta yana ƙarƙashin tebur, adafta na bayansa tana fuskantar bango, sai a nemi 'yar wayar ƙarin tsawo ta USB a ɗago ta bisa tebur. Kafar USB mai launin shuɗi takan yi wa zangon 2.4 hayaniya, saboda haka 'yar ƙaramar adafta ta fi jin daɗin baƙar kafa.

Akwai wani ciwo na tsofaffin kwamfutoci da ke sa a zargi adafta a banza. Sai ka ga ta haɗu lafiya, amma kowane shafi ka buɗe ya ce ba a amince da kai ba. Dubi agogon kwamfutar. A cikinta akwai ɗan batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, shi ke riƙe kwanan wata in an kashe wuta. In ya mutu sai kwamfuta ta koma shekarun baya, shafukan jarrabawa da na banki kuwa ba sa yarda da baƙon da kwanan watansa ya saɓa. A gyara agogo, a sauya batir. In kuma an bincika lambar da kwamfuta ta samu aka ga ta fara da 169.254, ma'anarsa rauta ba ta ba ta lamba ba, sai a kashe rautar a jira kaɗan a kunna.

Sai batun kuɗi. Kwamfutar da ta yi shekaru ba ta ga intanet ba, ranar da ta gan shi za ta kama sauko da gyare-gyarenta ba tare da ta yi shawara da kowa ba, kafin azahar datar wata guda ta ƙare. A cikin saitin Wi-Fi na Windows 10 da 11 akwai wurin da ake shaida mata cewa wannan layi na awo ne. A kunna shi tun ranar farko, sa'an nan a zaɓi ranar da za a bar ta ta yi gyaranta da sani.

Abin da ya fi damunmu a duk wannan zance shi ne amana. Kwamfutar ofis tana ɗauke da albashin mutane da lambobin asusunsu, ta makaranta kuwa tana ɗauke da sunayen 'ya'yan jama'a da hotunansu da sakamakonsu. Muddin tana lulluɓe da zane, mai son ya taɓa su sai ya fasa ƙofa. Ranar da aka sa mata kunne, ƙofa ta biyu ta buɗe wadda maigadi ba ya gani. Makullin farko da aka yi wa Wi-Fi, mai suna WEP, tun 2001 masana suka nuna yadda ake ɓalle shi. Aka kawo WPA2 a 2004, sa'an nan WPA3 a 2018. Duk rautar da ke ofis a sa ta a kan ɗayan waɗannan biyu. Ana shiga saitinta ne ta rubuta lambar da ke manne a ƙasanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma abu na farko shi ne a sauya kalmar shigar da ta zo da ita daga kamfani, domin duk mai irin wannan rauta ya san ta. Kalmar sirrin Wi-Fi ba ta kāsa haruffa 8, amma gara a yi ta doguwa, kuma kada ta zama sunan gari, ko lambar wayar shugaban ofis, ko 12345678. Kada a rubuta ta a allo. In ma'aikaci ya tashi daga ofis a sauya ta.

Dole kuma mu faɗi gaskiya game da tsufan Windows. Kamfanin Microsoft ya daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, ya kuma rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar da ke kan Windows 7 za ta iya shiga intanet, amma mu ba za mu ajiye takardun albashi a cikinta ba. In ba ta da ƙarfin ɗaukar sabon Windows, akwai tsarin Linux da ake samu kyauta, wanda ke tafiya da tsofaffin kwamfutoci, sai dai a tabbata adaftar da za a saya tana aiki da shi. Wannan aiki ne da ya fi kyau a nemi wanda ya iya. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, ta yaye samarin wannan yanki da suka karanci ilmin kwamfuta, kuma ba a rasa irinsu a garuruwanmu. In an kira ɗayansu, malamin ofis ya zauna kusa da shi ya ga abin da yake yi, ya rubuta a littafi, sa'an nan shi da kansa ya sa kalmar sirri bayan baƙon ya tafi.

Game da wuta kuwa, rauta ba ta cin lantarki da yawa, ƙaramin batir na sola yana riƙe ta yini guda. Inda ake aiki da janareto, a jira ya daidaita kafin a kunna kwamfuta da rauta, a kuma kashe su kafin a kashe shi. A watannin bazara, sa'ad da kwanon rufi ke ƙuna, kada a ajiye rauta dab da rufin ko a taga inda rana ke dukanta, domin in ta yi zafi sai ta riƙa yanke zance tana dawowa, a yi ta laluben laifin a wani wuri. In an tashi aiki, adaftar USB a zare ta a sa a aljihun tebur a kulle.