Yadda Ake Awon Teburin Wasan Biyar

Yau za mu yi magana bisa teburin wasan da Faransawa ke ce ma "biyar". Ba biyar ta ƙirga ba ce, sunan wasan ne. Ana tura ƙwallo da doguwar sanda bisa tebur mai shimfiɗar tsanwan ƙyalle. Irin na Amurka yana da rami shidda.

Mai awo ba ya farawa daga bayan katako. Ciki ake aunawa, daga bakin roba zuwa bakin roba, wato filin da ƙwallo ke gudu. Ka'idarsa guda ce: tsawo ya ninka faɗi sau biyu. Babban tebur na gasa yana da faɗin santimetir 127, tsawo kuwa 254. Ku rubuta 127 sau biyu, ku tara, ku gani.

Ku yi hattara da sunan da mai saidawa ke faɗi. Wannan tebur ana ce mishi "mai ƙafa 9". Ƙafa 9 santimetir 274 ce, amma filin ciki bai kai haka ba. Mai ƙafa 8, filinsa 224 ne bisa 112.

Sai maganar ɗaki, inda mutum ke iya ɓarnar kuɗinsa. Sandar wasa ta kusa metir ɗaya da rabi, kuma mai wasa yana kewaya tebur ko'ina. In bango ya matse, sanda ba ta jawuwa baya. Babban tebur yana son ɗaki mai tsawon metir 5 da rabi, faɗi metir 4 da 'yan kai. Ku auna ɗaki kafin ku biya kuɗi.