Neman Labarin Kakannin da Suka Tafi Yaƙin Boma

A sani cewa a ƙasar Ingila akwai mutane da yawa waɗanda suka duƙufa kan neman labarin kakanninsu da suka yi aiki a ƙasashen waje zamanin yaƙi. Mutum yakan ɗauki sunan kakansa da lambarsa ta soja, ya nufi babban ɗakin ajiyar takardun gwamnati da ke unguwar Kew a birnin Landan, ya duba littattafan da kowace bataliya take rubuta abin da ya same ta kullum, har ya gane inda kakansa ya kwana da inda ya tashi. Daga cikin kakannin nan akwai waɗanda suka zauna Kano, domin tun daga 1940 jiragen saman yaƙi sukan taso daga Takoradi, su sauka Kano da Maiduguri, su zarce Masar. Akwai kuma hafsoshin da suka ja sojan Nijeriya zuwa dagā. To, Baturen hafsa ya sami jika mai nemansa. Bahaushen sojan da ya bi bayansa fa, wa ke neman nasa labarin?

Ga asalin al'amarin. Zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero aka yi yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, aka ɗebi samari daga birni da ƙauye. A 1941 sojan Nijeriya suka yaƙi Italiya, suka shiga Mogadishu, suka wuce ƙasar Habasha. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya a jirgin ruwa, daga nan suka shiga dazukan Boma don su kara da Japan. Waɗansu bindiga suka riƙe, waɗansu kuwa dako suka yi, suna ɗaukar harsashi da abinci a ka inda mota ba ta iya bi. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai musu ziyara can. A watan Janairu 1945 suka ci garin Myohaung, yawancinsu kuwa sai 1946 suka komo gida. Wanda ya ji sunan barikin Dodan a Ikko, ko Dalet a Kaduna, ko Chindit a Zariya, to yaƙin nan ne ya bar su.

Wahalar farko ga mai nema ita ce suna. Magatakardan soja ba ya rubuta nasaba. Galibi sunan yanka yake rubutawa, ya liƙa masa sunan babban gari, watau Musa Kano, Audu Katsina, Garba Sakkwato. Saboda haka mutumin Bunkure ko na Kura yana iya zama "Kano" kawai a takarda, alhali kuwa masu suna irin nasa ba su ƙidayuwa. Abin da ke rarrabe su ita ce lambar soja, wadda take farawa da haruffan NA. Tana jikin takardar sallama. Wanda ya sami lambar nan ya sami mabuɗi, wanda ya rasa ta kuwa neman allura yake cikin ruwa.

Wanda bai komo ba, akwai hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917. Tana riƙe da sunayen mamata, kowa yana iya dubawa ta intanet ba da ko kwabo ba. A maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Rangun, an sassaƙa sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da mutanen Nijeriya a ciki. Amma kada a ɗauka takardar Bature ba ta da giɓi: a 2021 hukumar da kanta ta amsa cewa ba a yi wa mamatan Afirka na yaƙin farko adalci wajen rubuta sunayensu ba. Don haka a haɗa da ɗakin ajiyar takardun tarihi na Kaduna, da Gidan Arewa, da ofishin ƙungiyar tsofaffin soja.

Kada kuma a yanke ƙauna don nisan zamani. Wani soja mai suna Isaac Fadoyebo ya ji rauni a kwarin Kaladan a 1944, wani Musulmi ɗan ƙauye ya ɓoye shi watanni yana ciyar da shi. Bayan shekara fiye da 60 wani ɗan jarida na Ingila, Barnaby Phillips, ya bi sawu har ya gano iyalan mai taimakon, ya isar musu da godiyar tsohon.

Malamai sun san hukuncin mafƙudi a Risala: matarsa takan jira shekara 4 sannan ta yi idda, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai lokacin da irinsa ba ya rayuwa. Shari'a ba ta yarda a shafe mutum da zato ba, balle zuriyarsa su shafe shi da mantuwa. Saurayin da ya tafi yana da shekara 20 a 1943, yau da ya haura 100. Mazan jiya sun kusa ƙarewa, 'ya'yansu ma sun yi furfura.

To, a ƙasar Bunkure da Kura, inda ruwan Tiga ya mai da rani kamar damina, shinkafa da tumatir suka cika hannun kowa, ya kamata a sami yini guda a buɗe adakar tsohuwa. In an ga minda ko takardar sallama, a kwafi lambar, a nisanta takardar da gara. A zauna da dattijo a tambaye shi, a rubuta wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi, kamar yadda ake kiyaye isnadi. Malami ya ba da alƙalaminsa, falke mai zuwa Kaduna ya ba da ƙafarsa. Sanin inda kaka ya kwanta sada zumunci ne, yana kuma ba jika sunan da zai ambata in ya ɗaga hannu. Allah ya jiƙan mazan jiya. Wassalam.